Fashin baƙi: Me ya sa ciyawa ke fitowa, ruwa kuma ke kwanciya, a filin ciyawar roba na bayan gida?

Wai shin in mutum zai shimfiɗa ciyawar roba a bayan gidansa dan a samu wurin buga ƙwallo, dole ne sai ya sa kyallen nan na hana ciyawa a ƙasa, ko kuwa kyallen ne ma ke sa ruwa ya kwanta? Tambayar nan ta daɗe tana yawo, duk lokacin da wani ya nuna yanda ya gyara bayan gidansa ya koma kore shar da raga da farin layi sai ka ga an rabu gida biyu. Wasu su ce wanda bai sa kyalle ba ya zubar da kuɗinsa, kafin shekara ta zagayo ciyawa za ta huda kafet ɗin, wasu kuma su ce ina, ai kyallen shi ke toshe ruwa kuma shi ke riƙe wari. Sannan ga waɗanda abin ya riga ya ci, su ne za ka ji suna cewa toh ni na sa kyallen, na biya kuɗinsa, amma ga ciyawa ta gaske ta fito a gefe ga kududdufi a tsakiya, ina laifin yake?

Ni a ganina kowane ɓangare yana da ɗan gaskiyarsa, amma tambayar ce aka yi ta a karkace. Kyallen nan yana da aiki babba, sai dai ba aikin da sunansa ya faɗa ba ne kaɗai, kuma maganar ruwa ba a kan kyalle take ƙarewa ba, a kan ƙasar wurin take ƙarewa da kuma inda ruwan zai fita. Abin yana damuna sabida yawanci mai gida duk hankalinsa na kan laushin ciyawar da kalarta, abin da zai binne kuma wanda ba zai sake gani ba sai ya bar wa mai aiki ya yi yanda ya ga dama, alhali shi ne zai nuna ko filin zai kai shekara goma ko damina biyu za ta gama da shi.

Me ke ƙarƙashin koren nan?

Ciyawar roba dai kafet ce. Zaren roba ne ake sokawa a jikin wata shimfiɗa, a shafe bayanta da gam mai kauri dan zaren ya kama, sai a huda ƙananan ramuka a jere, yawanci tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakaninsu, dan ruwa ya wuce. Akwai kuma irin da bayanta gaba ɗaya yake yoyon ruwa ba sai an huda ba. A saman zaren ake zuba yashi mai tsafta, a manyan filaye har da ɓarɓashin roba, a share shi ya shige tsakanin zaren ya tsayar da shi ya kuma danne kafet ɗin kar ta motsa.

Wadda ta fara yin suna a duniya ita ce AstroTurf da aka shimfiɗa a filin Astrodome na birnin Houston a Amurka a 1966, kuma filin nan rufaffe ne, ciyawar gaske ce ma ta ƙi rayuwa a cikinsa shi ya sa aka nemo ta roba. Kenan a can ba ruwan sama, ba iskar da za ta kwaso iri. Da aka fito da ita waje, musamman daga ƙarshen shekarun 1990 da aka fara yin mai dogon zare da ake cika wa yashi da roba, sai nauyin aikin ya koma kan abin da ke ƙasa.

In an yi aikin yanda ya kamata, daga ƙasa zuwa sama abin da za ka tarar shi ne ƙasar wurin wadda aka kwashe samanta aka daɓe, sai kyalle, sai fasasshen dutse mai kaurin santimita 8 zuwa 10 ko fiye, sai siririn shafi na garin dutse dan a baje wurin ya yi sumul, wani lokaci a sa wata katifar roba mai rage zafin faɗuwa, sannan kafet ɗin. Filin wasa ya fi lambun ado buƙatar wannan, sabida ana gudu ana taka birki ana juyi a wuri ɗaya kullum, gaban raga ma kaɗai ya isa misali, kuma ɗan lotsawar da ido ba zai kula ba ƙwallo za ta nuna shi, idon sawu ma zai ji shi.

Aikin kyallen na gaskiya

Kyallen da ake magana injiniyoyi na ce mishi jiyotekstil, shi ne dai irin wanda ake shimfiɗawa ƙarƙashin titi da layin dogo. Iri biyu ne. Akwai saƙaƙƙe, wanda in ka duba za ka ga zare ya hau zare kaman buhu, yana da ƙarfi sosai wajen ɗaukar nauyi kuma huda shi da wuya, amma ruwa a hankali yake bi ta cikinsa. Akwai kuma wanda ba saƙa shi aka yi ba, zaruruwa ne aka cakuɗa aka tsattsaga da allurai suka manne, yana da laushi in ka taɓa, shi wannan ruwa na ratsa shi da sauri yana tace ƙasa. Ana auna kaurinsu da nauyi, wato giram nawa ne a murabba'in mita ɗaya, kuma wanda ake yawan sawa a irin wannan aikin yana kaiwa giram 100 zuwa sama. Siririn nan da ake sayarwa dan gadon furanni, wanda yatsa ma zai iya ɓula shi, ba na wannan aikin ba ne.

Toh babban aikinsa shi ne raba ƙasa da dutse. Ka yi tunani, ka zuba tsakuwa a kan ƙasa mai laushi, ruwa ya sauka ƙasar ta jiƙe, ana ta tsalle a sama. Duk takun da aka yi dutsen na nutsewa kaɗan, taɓo kuma na tasowa yana shiga tsakanin duwatsun. A hankali gurbin da ruwa ke bi sai ya cike da laka, dutsen da ka saya dan ya zama hanyar ruwa ya koma dunƙulen ƙasa, saman kuma ya fara lotsawa nan da can. Kyallen ne ke hana wannan cakuɗuwar, ruwa ya wuce, laka ta tsaya a inda take. A ƙasa mai yumɓu wannan aikin kaɗai ya isa dalilin sa shi ko da ciyawa ɗaya ba za ta taɓa fitowa ba.

Hana ciyawa aiki ne na biyu, kuma yana yi daidai gwargwado, yana tare haske yana kuma tare ƙananan tsiro da ke tasowa daga ƙasa. Amma fa santimita 10 na daɓaɓɓen dutse da kafet a kai su ma sun riga sun tare hasken.

Wani abu da ya kamata a faɗa da babbar murya: leda ba kyalle ba ce. Akwai masu shimfiɗa baƙar leda mai kauri ko tamfol da sunan ai ta fi hana ciyawa. Eh za ta hana, amma ta hana ruwa ma gaba ɗaya, filin ya zama tafki da ruwan farko. Da yawa daga cikin labaran da ake bayarwa na "kyalle ya toshe min ruwa" in ka bi diddigi za ka tarar ko dai leda aka sa ko saƙaƙƙen da bai dace da wurin ba.

Toh ciyawar daga ina take zuwa?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa. Mafi yawan ciyawar da ake gani a filin roba ba daga ƙasa ta huda ta fito ba, daga sama ta sauka. Iska na kwaso iri, tsuntsaye na yar da shi a kashinsu, takalmi na shigo da shi. Ganye ya faɗo ya ruɓe, ƙura ta sauka, duk su shige cikin yashin da ke tsakanin zaren, bayan wani lokaci yashin nan ya zama ƙasa mai ɗan taki, ga danshi ga rana, iri kuwa abin da yake nema kenan. Irin wannan ciyawar in ka ja ta za ka ji ta fito salin alin sabida saiwarta a cikin yashi take, ba ta ma kai ga kyallen ba balle ya hana ta. Ko kyalle goma ka jera a ƙasa ba ruwansu da ita. Maganinta tsintsiya ne da buroshi da kwashe ganye kafin ya ruɓe.

Ta biyu ita ce ta gefe da ta bakin haɗi. Inda kafet ta haɗu da katanga ko dakali ko gadon shuka kullum akwai ɗan tsagi, ƙasa na taruwa a ciki haske na shiga, inda aka haɗa kafet biyu kuma in gam ya saki nan ma ƙofa ce. Ciyawa mai yaɗo irin ƙiri-ƙiri ba ta buƙatar huda komai, daga waje take rarrafowa ta shiga ta gefe ta bi ƙarƙashin kafet. Shi ya sa kan iyaka mai kyau, na kankare ko katako da aka yi wa magani ko ƙarfe, wanda ya ɗan nutse cikin ƙasa, ya fi kyalle amfani a kan wannan matsalar.

Ta uku ita ce mai ban tsoron, kuma ita ce kaɗai ke fitowa daga ƙasa da gaske. Ciyayi ne masu ajiye abinci a saiwa ko a ƙwaya ƙarƙashin ƙasa, irin su jiji da wasu ke kira aya-aya, da tofa, da gora in akwai ta kusa. Su ba sa buƙatar haske kafin su taso, da guzurinsu suke tafe, kuma kan tsironsu tsini ne da shi. Jiji na huda siririn kyalle ya bi ta ramin da aka yi wa ruwa a jikin kafet ya fito. A Birtaniya akwai wata da ta samo asali daga Japan wadda har masu ba da bashin gida ke tambaya a kanta kafin su amince, sabida yanda take bin tsagin siminti da kwalta. In irin waɗannan na wurin, toh aikin farko shi ne kashe su tun kafin a kawo dutse, a haƙe saiwar a kwashe, in za a yi feshi da maganin da ke bin jikin tsiro har saiwa irin gilifoset a yi lokacin da ciyawar ke da ɗanyen ganye a ba shi sati ɗaya zuwa biyu, a jira a ga ko za ta sake tohowa a maimaita. Masu gaggawa su sare ta yau su shimfiɗa gobe, su ne ke kuka daga baya.

Sai gansakuka, wadda ita ba ciyawa ba ce ma, alama ce. In ka ga kore-kore mai santsi a wani lungu na filin, wurin baya bushewa ne, ko inuwa ta yi yawa ko ruwa na kwana a ƙasa. Kuma a filin da ake gudu santsin nan haɗari ne.

Gardamar inda za a shimfiɗa shi

Ko a cikin masu wannan sana'ar ba a haɗu a kan magana ɗaya ba. Wasu na sa shi can ƙasa tsakanin ƙasa da dutse, wasu na sa shi a sama dab da kafet, wasu su sa duka biyun.

Masu sawa a sama hujjarsu ita ce dutsen da aka kawo shi ma yana iya zuwa da iri a cikinsa, kuma kyallen na hana garin dutse gogar bayan kafet. Masu ƙin haka suna cewa duk dattin da ya bi ramukan kafet a kan kyallen zai taru, a hankali ya like idanunsa, sannan in akwai kare ko kyanwa a gidan fitsarinsu na jiƙa kyallen ya zauna dab da sama, rana na dukansa wari ya tashi, kuma ba yanda za a yi a wanke shi sai an ɗaga kafet. Wannan ƙorafin gaskiya ne, shi ya sa da yawa daga masu aikin ba sa sa na sama a gidan da ke da dabbobi.

Ni dai inda na tsaya, na ƙasan shi ne wanda ba a wasa da shi, musamman a ƙasa mai laka ko wadda aka san tana da muguwar ciyawa, kuma ya zama irin mai barin ruwa ya wuce. Na saman zaɓi ne, in ba dabbobi kuma mai saurin tace ruwa ne ba laifi, in an bar shi ma ba a yi asarar komai ba. A wurin da ƙasar tsakuwa ce da yashi tun asali, ruwa na shigewa nan take kuma ba tarihin jiji ko tofa, wanda ya ce zai tsallake kyallen gaba ɗaya ba zan ce ya yi ganganci ba. Wajen shimfiɗawa kuma a ɗora bakin wani a kan wani da kaman santimita 15 zuwa 30, a kafe da ƙusa, a ɗan naɗo shi sama a gefe, dan ciyawa da laka duk ta bakin haɗi suke samun hanya.

Lissafin ruwa

Mai sayar da kafet zai ce maka tana zubar da ruwa da gudu, kuma ba ƙarya ya yi ba. A ƙa'idar gwajin FIFA ana so ruwa ya iya ratsa ciyawar roba da aƙalla milimita 180 a awa ɗaya, kafet da yawa ma sun wuce haka nesa. Amma wannan lambar ta kafet ce. Kaman ka ɗora rariya a kan kwano ne ka yi ta zuba ruwa, rariyar ba ta riƙe komai ba amma kwanon zai cika ya tumbatsa ta cikinta.

Ga yanda abin yake a lamba. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce cif. Ɗauki ƙaramin fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, murabba'in mita 60 kenan. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50, lita 3,000 ce ta sauka a kansa, ban da wanda zai kwararo daga rufin gida ko daga siminti na kusa in ba a kauda shi ba. Fasasshen dutse mai tsafta wanda ba gari a cikinsa kusan kashi ɗaya cikin uku na jikinsa gurbi ne, dan haka kaurin santimita 10 zai iya ɓoye ruwan milimita 30 da ɗan wani abu, wajen lita 1,800 zuwa 2,000. Ragowar fa? Dole ko ƙasa ta shanye ko ya samu hanyar fita.

Ƙasa kuma kowace da saurin shanta. A alƙaluman da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da su wajen koyar da ban ruwa, ƙasa mai yashi-yashi na shan milimita 20 zuwa 30 a awa, matsakaiciya 10 zuwa 20, yumɓu kuwa 1 zuwa 5 kacal. Kenan a kan yumɓu ruwan milimita 50 ɗin nan zai ɗauki awa 10 in an yi sa'a, in ba a yi ba ya haura kwana biyu, kuma daɓen da aka yi wa ƙasar kafin a zuba dutse ya ƙara rage mata shan. In wani ruwan ya sake sauka kafin na farko ya tafi, sai ka taka filin ka ji yana motsi ƙarƙashin ƙafarka ruwa na ɓulɓulowa.

Shi ya sa kafin a sayi ko mita ɗaya ta kafet ya kamata a gwada ƙasar, kuma gwajin baya cin komai. A haƙa rami mai zurfin kaman santimita 30 a inda filin zai zauna, a cika shi da ruwa a bari ya shanye, a sake cikawa sannan a auna nawa yake sauka a awa. Cikawa ta biyun ita ce abin dubawa sabida busasshiyar ƙasa na ruɗin mutum. In yana sauka ƙasa da santimita biyu da rabi a awa, toh wurin na buƙatar magudana ta musamman, dutse kaɗai ba zai wadatar ba. A yi ramin a wuri biyu ko uku, dan bayan gida sau da yawa cike yake da ɓaraguzan gini da ƙasar da manyan motoci suka danne lokacin aikin gidan, wani gefen ya sha ruwa wani ya ƙi.

Dutsen da za a zuba

Akwai ja-in-ja a nan da ba a cika faɗa wa mai gida ba. Dutsen da ke haɗe da garinsa, irin na aikin titi, shi ya fi daɓuwa ya yi tauri kaman siminti, ƙwallo ta yi tsalle daidai a kansa, amma garin ya cike gurbin, ruwa da ƙyar yake ratsawa. Wanda aka tankaɗe aka rage mishi gari ruwa na wucewa sosai amma sai an fi ƙwarewa kafin a baje shi ya zauna. A Ingila ma sunaye daban suke da su, Type 1 mai gari da Type 3 mai ƙarancin gari wanda ake sawa inda ake so ruwa ya nutse. Dan haka tun farko sai an yanke shawara, shin filin nan ruwa zai ratsa shi ya nutse ne, ko zai gangara ta ƙarƙashin kafet ya fita gefe? Kowanne na aiki in an tsara shi, wanda baya aiki shi ne a sa dutse mai gari a kuma baje shi ba gangara.

Dutsen ya zama fasasshe mai kusurwa, dan shi ke cije juna. Tsakuwar rafi mai sulɓi mirginawa take yi, ba ta taɓa zama. A zuba shi kashi-kashi kaman santimita 5, a ɗan yayyafa ruwa a bi da injin daɓe, sannan a ƙara wani. Zallan yashi a matsayin gadon da kafet za ta zauna a kai kuwa ban yarda da shi ba a filin wasa, ruwa na janye shi, tururuwa na gida a ciki, ƙafa na tura shi gefe. Kuma baƙar ƙasar sama mai saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye dole a kwashe ta duka, in aka bar ta za ta ci gaba da ruɓewa tana raguwa, filin ya bi ta ya lotsa.

Gangara, bututu, da maƙwabci

Gangarar da ake so ba ta da yawa, kaman santimita 1 a kowace mita, wani wurin har 2 in ba wasan da ke son daidaito sosai ba ne. A filinmu na misali in aka karkata shi ta faɗi, bambancin gefe da gefe santimita 6 ne kawai, mai wasa ba zai ji ba amma ruwa zai bi. Abu biyu ne muhimmai. Gangarar ta fara tun daga ƙasar da aka daɓe, ba a saman dutse kaɗai ba, in ba haka ba ruwa zai ratsa ya je ya kwanta a kwarin da ke ƙasa. Sannan ta nufi nesa da ginin gida, dan ruwan da ke kwana a gindin bango shi ke kawo danshi a ɗaki da tsagewar tushe, musamman a yumɓun da ke kumbura in ya jiƙe ya tsuke in ya bushe.

In ƙasar ba ta sha, sai a ja rami a gefen da ya fi ƙasa, a shimfiɗa kyalle mai tace ruwa a ciki, a kwantar da bututu mai huda-huda wanda faɗinsa ya kai santimita 10, a rufe da tsakuwa mai tsafta a naɗe kyallen a kai. Bututun shi ma da gangararsa, kuma in mai huda a gefe ɗaya ne hudar ƙasa take kallo, sabida ruwa daga ƙasa yake tasowa ya shiga. A babban fili ana jera irinsa da yawa a ƙarƙashi su haɗu a babba ɗaya. In kuma a kan tsohon siminti za a shimfiɗa kafet, toh simintin ne ke da hukunci, duk inda ruwa ke kwanciya a kansa yau nan zai kwanta gobe, sai a gyara kwarin tukunna a kuma sa irin faranti ko katifar roba mai hanyoyin ruwa a ƙasa dan kafet ta ɗan ɗago.

Amma bututu ba ya ɓatar da ruwa, kai shi wani wuri yake yi, kuma a nan ne abin ke shafar wanda ko ƙwallon baya bugawa. Lita 3,000 da a da ciyawa da saiwoyi ke riƙe wani kaso nata yanzu an tattara ta a baki ɗaya. In bakin nan ya kalli katangar maƙwabci an sayi rigima, kuma a ƙasashe da dama doka na hana mutum juya ruwansa zuwa filin wani. Mafita ita ce ramin tsotse ruwa da aka cika da dutse, wanda a ƙa'idar gini ta Ingila ake so ya yi nisan aƙalla mita 5 daga gini, ko lambun da aka ɗan zurfafa dan ya karɓi ruwan, ko magudanar ruwan sama ta hukuma in an ba da izini. Hukumomin birane sun fara sa ido a kan wannan ne sabida in gida ɗaya ya rufe ƙasarsa ba a ji, in unguwa guda ta yi sai kwalbatoci su kasa ɗauka. A Ingila tun 2008 wanda zai rufe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gidansa da abin da ruwa baya ratsawa, ba tare da ya tanadi inda ruwan zai nutse ba, sai ya nemi izini.

Ruwan kuma ba shi kaɗai yake fita ba. In an cika filin da ɓarɓashin roba yana bin ruwa ya shiga magudana ya ƙare a rafi, dalilin da ya sa Tarayyar Turai a 2023 ta yi dokar da za ta hana sayar da irin wannan ɓarɓashin daga 2031. A ƙaramin filin gida yashi mai tsafta ya wadatar a mafi yawan wasanni, in kuma an sa robar toh a sa matata a bakin magudana a riƙa kwashewa.

In an riga an shimfiɗa fa?

Ba kowace matsala ce ke buƙatar a tone komai ba. In ruwa na tsayawa a saman kafet ko'ina na ɗan lokaci sannan ya tafi, sau da yawa yashin ne ya cushe da datti ya daskare, buroshi mai tauri da kwashe tsohon yashin a zuba sabo na iya buɗe shi. In wuri ɗaya ne kullum ke tara ruwa, gadon ne ya lotsa a nan, ana iya ɗaga kafet daga gefe a cike a daɓe a mayar. Ciyawar sama a tuge ta da hannu tun tana ƙarama kafin ta zubar da iri, ta gefe kuma a gyara kan iyakar a toshe tsagin.

In kuwa duk filin ne ke jiƙe kwana da kwanaki bayan ruwa, ko jiji na fitowa ta tsakiya ana cirewa yana dawowa, toh matsalar a can ƙasa take kuma ba abin da za a zuba daga sama ya gyara ta. Wani lokaci jan ramin bututu a gefen da ya fi ƙasa na rage abin ba tare da an taɓa filin ba, ya kamata a fara gwada wannan. In bai yi ba sai an kwashe yashin, an naɗe kafet, an kwashe dutsen, an gyara gangara da kyalle daga tushe, kuma kafet ɗin da aka yanka aka manna da gam ba kullum take komawa daidai yanda take ba, sau da yawa sai an sake haɗin da sabon gam, wani ɓangaren ma a sayi sabo.